Baƙin Rami: Ina Abin da Ya Faɗa Cikinsa Yake Zuwa?

Kwanakin baya wani saƙon murya ya yi ta yawo a WhatsApp, wai masana sun gano wani baƙin rami a sama yana haɗiye taurari ɗaya bayan ɗaya, kuma saura ƙiris ya iso kanmu. Har ƙannena mata sai da suka turo min suna tambayar ko gaskiya ne. Ba gaskiya ba ne, kuma zan kawo dalili nan gaba kaɗan. Amma tambayar da ta tsaya min a rai ita ce wadda Baba ya yi min, ranar da na nuna masa hoton ramin a waya muna zaune a kara bayan la'asar. Ya duba, ya sake dubawa, sai ya ce, "To, abin da ya faɗa ciki, ina yake zuwa?" Na ce, "Baba, an ce ɓacewa yake yi." Ya ce shi dai a sana'arsa bai san wannan magana ba. In an loda shanu talatin a mota aka sauke ashirin da tara, to ɗayan ko ya mutu a hanya, ko an sayar, ko an sace, amma yana wani wuri.

Na ɗauki makonni ina bin bayanan masana a kan wannan tambaya, kuma abin da na tarar shi ne Baba ya fi ni kusa da gaskiya. Abin da ya faɗa baƙin rami ba ya zama babu. Kamanninsa ne suke rushewa, nauyinsa kuwa yana nan, har ana iya auna shi daga waje.

Mene ne baƙin ramin ma tukuna?

Sunan yana ruɗa mutane. Ba rami ba ne irin na rijiya da za ka leƙa ka ga ƙasansa. Wuri ne da aka cusa nauyi mai yawan gaske a cikin ɗan ƙaramin fili, har ƙarfin jansa ya kai ko haske ba ya iya kuɓucewa.

Ƙarfin ja shi ne abin da ke dawo da dutse ƙasa in ka jefa shi sama. Na ji wasu suna kiransa maganaɗisu, amma ba abu ɗaya ba ne. Maganaɗisu ƙarfe yake kamawa, wannan kuwa bai bar kowa ba, mutum da ruwa da iska duk yana ja. Kowane abu mai nauyi yana da shi, kuma iya kusantarka da tsakiyar abin, iya ƙaruwar jan. Kafin abu ya tsere wa duniyarmu gaba ɗaya, sai ya tashi da gudun kilomita 11 da ɗoriya a sakan ɗaya. Haske yana tafiyar kilomita kusan 300,000 a sakan, kuma babu abin da ya fi shi gudu. To in aka samu wurin da ko wannan gudun bai isa a tsere masa ba, babu abin da zai fito ke nan. Shi ya sa yake baƙi.

Don ka gane irin matsin da ake nufi: sai an dunƙule duniyar nan gaba ɗaya, da tekunta da duwatsunta, ta koma ba ta kai girman goro ɗaya ba, sannan za ta zama baƙin rami. Rana kuwa sai an matse ta ta koma faɗin kilomita 6, wato kamar rabin tsawon gadar Third Mainland.

Iri biyu aka fi sani. Akwai ƙanana, waɗanda suke samuwa in wani ƙaton tauraro, mai nauyin rana sau ashirin ko fiye, makamashinsa ya ƙare, cikinsa ya rufta da kansa. Akwai kuma manya, masu nauyin rana miliyoyi ko biliyoyi, da suke zaune a tsakiyar garkunan taurari. Namu garken, wanda Turawa suke kira Milky Way, yana da nasa a tsakiya, sunansa Sagittarius A*, nauyinsa ya kai na rana sau miliyan 4.

Tunanin ba sabo ba ne. Wani limamin coci a Ingila, John Michell, ya kawo shi tun 1783. A 1915 Albert Einstein ya fitar da sabon bayaninsa a kan ƙarfin ja, a farkon 1916 kuma wani Bajamushe, Karl Schwarzschild, ya warware lissafin da ya nuna girman irin wannan wuri, alhali yana aikin soja a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Bai ƙarasa shekarar ba ya rasu. Hoto kuwa ba a samu ba sai ranar 10 ga Afrilu, 2019, lokacin da aka fitar da na ramin da ke tsakiyar garken M87. Na namu garken ya biyo baya ranar 12 ga Mayu, 2022.

Ba zuƙa yake yi ba

Nan ne mai saƙon muryar ya yi kuskure. Baƙin rami ba ya yawo yana zuƙe duk abin da ya gani. Daga nesa, jansa daidai yake da na kowane abu mai nauyinsa. Da za a ɗauke rana yau a ajiye baƙin rami mai nauyinta a gurbinta, duniya za ta ci gaba da zagayenta na shekara kamar yadda ta saba. Duhu da sanyi ne za su kashe mu, ba haɗiya ba. Kuma ita rana ba za ta taɓa zama baƙin rami ba, nauyinta bai kai ba.

Mafi kusa da mu da aka gano zuwa yanzu shi ne Gaia BH1, wanda aka sanar a 2022. Nisansa tafiyar haske ce ta shekara kusan 1,560. Ka tuna hasken rana minti takwas da 'yan sakanni yake yi ya iso mu, sai ka kwatanta. Kuma wani tauraro mai kama da ranarmu yana zagaya shi duk bayan wata shida, lafiya lau, ba a haɗiye shi ba. Ta hanyar wannan tauraron ma aka gane ramin yana wurin. Haka a tsakiyar garkenmu akwai tauraro mai suna S2 da yake zagaya Sagittarius A* duk shekara 16, ya kusanto ya wuce. Bin sawun irin waɗannan taurari na shekaru da yawa ne ya samo wa Reinhard Genzel da Andrea Ghez kyautar Nobel a 2020.

Abin da ya shiga uku shi ne wanda ya matso kusa sosai. Shi ma ɗin ba kai tsaye yake faɗawa ba.

Cunkoso a bakin ƙofa

Wannan shi ne abin da ya fi ba ni mamaki. Mafi yawan abin da baƙin rami yake ci iskar gas ce da ƙura, kuma komai a sama tafiya yake yi, babu abin da ke tsaye. Saboda haka in gas ya nufo ramin, ba ya saitar tsakiya, sai ya kauce gefe ya kama zagaye. Kamar ka zuba ruwa a mazurari, za ka ga yana juyawa kafin ya sauka. Ƙofar ƙarama ce, kayan kuwa da yawa. Sai gas ɗin ya baje ya zama wani faifai mai faɗi yana juyawa a kewayen ramin.

A cikin faifan nan, na kusa da tsakiya ya fi na gefe gudu, don haka suna gugar juna. Gugar tana rage musu ƙarfin zagaye, su riƙa gangarawa ciki a hankali, kuma tana haifar da zafi. A kewayen ƙananan ramuka zafin yana kai digiri miliyoyi, har gas ɗin ya riƙa fitar da irin hasken nan da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Da wannan hasken aka fara gano Cygnus X-1 a 1964, wanda daga baya aka tabbatar baƙin rami ne. Nauyinsa kamar rana 21 ne, amma faɗinsa duka bai wuce tazarar Legas zuwa Badun ba. Yana tare da wani ƙaton tauraro da suke zagaya juna duk kwana biyar da rabi, yana cin gas ɗin da ke fita daga jikinsa.

Wato kafin abu ya shiga, wani kaso na nauyinsa ya riga ya koma haske da zafi ya tsere. Kuma kason ba kaɗan ba ne. Rana, duk da zafin nan nata, ƙasa da kashi 1 cikin 100 na nauyin makamashinta take mayarwa haske. Faifan baƙin rami kuwa yana mayar da kashi 6 cikin 100, in ramin mai juyi da sauri ne ma ya doshi kashi 40. Shi ya sa wasu daga cikin abubuwan da suka fi komai haske a sama, baƙaƙen ramuka ne a tsakiyarsu. Akwai wanda ake kira 3C 273, da Maarten Schmidt ya auna nisansa a 1963, haskensa ya fi na dukkan taurarin garkenmu in an haɗa su.

Sannan ba duk gas ɗin yake kaiwa ciki ba. Zafi da haske suna tura wani waje. A namu Sagittarius A*, bincike ya nuna ƙasa da kashi 1 cikin 100 na gas ɗin da ya shigo hurumin jansa ne yake isa ciki, sauran ana korarsa. Wani gas ɗin kuma maganaɗisun da ke kewayen ramin, na gaske wannan karon, yana murɗe shi ya harba shi ta sama da ƙasa kamar ruwan famfon da ya fashe, da gudun da ya kusa na haske. Wanda yake fita daga M87 tsawonsa ya kai tafiyar haske ta shekara 5,000, kuma tun 1918 wani masani mai suna Heber Curtis ya hango shi, bai san mene ne ba. Kada ka ɗauka daga cikin ramin yake fitowa. Kayan da suka zo bakin ƙofa ne aka fatattake su kafin su shiga.

Idan ka sake duba hoton 2019 ɗin, zoben nan mai launin lemo hasken gas ne. Duhun tsakiya shi ne inuwar ramin.

Miƙewa kamar taliya

To abu mai jiki fa, kamar tauraro, ko dutse, ko mutum? Nan wani abu daban yake shigowa. Tunda jan yana ƙaruwa da kusanci, ɓangaren jikinka da ya fi kusa da ramin ya fi shan ja. In ka nufe shi da ƙafa, ana jan ƙafarka fiye da kanka. A lokaci guda kuma ana matse ka ta gefe da gefe, tunda kafaɗarka ta dama da ta hagu duk tsakiya ɗaya ake jansu. Sai jiki ya yi tsawo ya sirance. Masanan da kansu da taliya suka kwatanta abin.

Wannan bambancin jan muna ganin ɗan ƙaraminsa kullum. Duk wanda ya zauna kusa da ruwa a Legas ko Fatakwal ya san ruwan teku yana cikowa yana janyewa sau biyu a rana. Wata ne yake jan gefen duniyar da ke fuskantarsa fiye da ɗaya gefen. Abu ɗaya ne, ƙarfin ne ya bambanta.

Abin da zai ba ka mamaki, ƙaramin rami ya fi babba mugunta ta wannan fuska. Mai nauyin rana goma zai yayyaga mutum tun yana nesa da ɗaruruwan kilomita, bai ma iso bakinsa ba. Babba irin na M87, mai nauyin rana biliyan 6.5, iyakarsa tana da nisa ƙwarai daga tsakiyarsa, don haka bambancin jan da ke tsakanin kai da ƙafa ba wani abu ba ne a wurin. Mutum zai iya ƙetare iyakar da ransa da lafiyarsa, in dai zafin faifan bai gama da shi ba. Yayyagawar tana jiransa a ciki.

Wannan ba lissafin takarda kaɗai ba ne, an gani. A 2019 na'urorin hangen nesa sun kama wani walƙiya da aka sa wa suna AT2019qiz, a nisan tafiyar haske ta shekara miliyan 215. Wani tauraro ne mai nauyi kamar ranarmu ya ratsa kusa da rami mai nauyin rana sama da miliyan ɗaya, aka yage shi. Ya rasa kusan rabin nauyinsa, kuma an ga tarkace yana fita waje da gudun da ya kai kilomita 10,000 a sakan.

Iyakar da ba a dawowa

Kowane baƙin rami yana da iyaka a kewaye da shi, kamar ƙwallo. Ba bango ba ne, babu ƙofa, babu alama. Wurin ne kawai da daga shi ko haske ba ya komawa baya. Misalin da ya fi zauna min shi ne na mai kwale-kwale a kogin da ruwansa yake ƙara gudu yana nufar gangare. Akwai wurin da gudun ruwan zai fi ƙarfin tuƙinsa. Ba zai ga wani layi a kan ruwa ba, zai wuce wurin bai sani ba, amma daga nan duk tuƙin da zai yi gaba ruwa zai kai shi.

Abin da ke faruwa a wannan iyaka ya dogara da wanda ka tambaya, kuma nan ne kai yake ɗaukar zafi. A bayanin Einstein, ƙarfin ja yana rage saurin lokaci. Agogon da ke kusa da abu mai nauyi ya fi na nesa jinkiri. Kar ka ce tatsuniya ce, wayar da ke hannunka da shi take aiki. Agogunan taurarin ɗan'adam na GPS, da ke sama da nisan kilomita 20,000, suna gaba da namu na ƙasa da kashi 38 cikin miliyan na sakan a kowace rana. Da ba a gyara wannan ba, taswirar da direbobi suke bi za ta riƙa kaucewa da kilomita kusan goma kullum.

A bakin baƙin rami wannan jinkirin ya kai maƙura. In kana nesa kana kallon wani yana faɗawa, za ka ga yana rage gudu yayin da yake kusantar iyakar, agogonsa yana ja da baya, haskensa yana komawa ja, yana dusashewa, har ka daina ganinsa. Ba za ka taɓa ganin lokacin da ya ƙetare ba, domin hasken da zai kawo maka labarin ba zai iso ba. Shi kuwa mai faɗawar, agogonsa yana tafiya daidai a idonsa, kuma ya wuce iyakar cikin ƙiftawar ido. Duk su biyun gaskiya suka faɗa. Na daɗe ina kokawa da wannan kafin ya zauna min, kuma ban ga laifin wanda ya ce sai ya sake karantawa ba.

Can ciki

Bayan an ƙetare, hanya ɗaya ce. Lissafin ya nuna duk inda ka juya, tsakiya ka nufa. Ba wai jan ya fi ƙarfin injinka ba ne kawai, a'a, babu wata hanyar da ta nufi waje. Tsakiyar ta zama kamar gobe: ko ka gudu ko ka zauna, za ta same ka.

Har tsawon tafiyar an lissafa, ga ramin da ba ya juyawa. A mai nauyin ranarmu, ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na sakan ba. A mai nauyin Sagittarius A*, kamar minti ɗaya ne. A mai nauyin na M87, kwana ɗaya da 'yan awanni. Wannan shi ne mafi tsawon wa'adi, duk fafutukar da za a yi ba za ta ƙara shi ba.

A kan hanyar, miƙewar nan tana ci gaba da tsananta. Jiki ya rabu, gutsattsarin su rabu, har a kai ga ƙwayoyin zarra, su ma a farfasa su. Dutse, ƙarfe, zinariya, nama, babu wanda zai isa a matsayin abin da yake.

Daga nan sai tsakiyar kanta. Lissafin Einstein ya ce komai yana matsewa a wurin da ba shi da faɗi ko kaɗan, matsin kuma ba shi da iyaka. A 1965 Roger Penrose ya tabbatar da cewa, in dai bayanin Einstein ake bi, babu makawa sai an kai ga irin wannan wuri, kuma wannan aikin ne ya sa ya raba kyautar Nobel ta 2020 da su Genzel. Sai dai mafi yawan masana ba su ɗauki amsar a matsayin hoton abin da ke wurin ba. In lissafi ya ba ka amsar da ba ta da iyaka, alama ce ya zo inda ƙarfinsa ya ƙare. A wannan ƙanƙantar ana buƙatar wata kimiyyar, ta ƙananan ƙwayoyi, wadda ake kira kwantam, kuma har yau ba a samu yadda za a haɗa ta da bayanin Einstein su zama abu ɗaya ba. Masanan da bakinsu suke cewa iliminsu nan ya tsaya. Allah ne Masani.

Saboda haka in ka ji wani yana rantsuwa cewa baƙin rami ƙofa ce zuwa wata duniya, ko hanya ce ta komawa zamanin da ya wuce, daga fim ya samo. Akwai lissafin da ya yi hasashen irin waɗannan hanyoyi, amma ba a taɓa ganin ko alamar guda ɗaya ba.

Nauyin yana nan

Ga amsar tambayar Baba. Duk abin da ya ƙetare iyaka, nauyinsa yana ƙaruwa a kan na ramin. Ramin ya ƙara nauyi, iyakarsa ta ƙara faɗi, jansa ya ƙaru. Kowane nauyin rana ɗaya da ya shiga yana ƙara wa iyakar kilomita 3 daga tsakiya. In abin ya zo da juyi, ramin ya ƙara juyi kamar katantanwa. In yana da cajin lantarki, shi ma ya koma kan ramin.

Waɗannan ukun, nauyi da juyi da caji, su ne kaɗai abin da za ka iya sani game da baƙin rami daga waje. Masanan suna da wata magana ta barkwanci, wadda John Wheeler ya yaɗa, cewa baƙin rami ba shi da gashi. Ni da na ji, kwata na tuna. A kara kana gane bunaji da farinsa, rahaji da jansa da dogon ƙahonsa, bokolo da tozonsa, har da shaidar mai shi a cinya. In an fiɗe an ɗora a sikeli, kilo kawai ake kira. To ko a nan gogaggen mahauci zai kalli nama ya gaya maka tsohuwar saniya ce ko ɗan maraƙi. A baƙin rami ko wannan babu. Rami biyu masu nauyi ɗaya da juyi ɗaya, ɗaya ya ci taurari ɗaya ya ci ƙura, ba ka da hanyar bambanta su.

An taɓa auna wannan lissafin a zahiri. Ranar 14 ga Satumba, 2015, na'urorin LIGO guda biyu a Amurka, ɗaya a jihar Louisiana ɗaya a jihar Washington, suka ji wata 'yar girgiza ta ratsa duniya. Baƙaƙen ramuka biyu ne suka yi karo suka haɗe, a nisan tafiyar haske ta shekara biliyan 1.3. Ɗaya nauyin rana 36, ɗayan 29. Jimla 65 ke nan, amma wanda suka haifa 62 ne. Ina ukun? Sun koma ƙarfin girgizar da ta bazu a sama, wadda burbushinta ne ya iso mu. Ba daga cikin ramukan suka fito ba, daga ƙarfin zagayen da suke yi wa juna ne kafin su haɗe. Da na gaya wa Baba wannan, cewa ya yi to yanzu lissafi ya fita.

Shin yana dawowa?

Har zuwa 1974 an ɗauka abin da ya shiga ya shiga ke nan har abada. A shekarar ne Stephen Hawking, masanin nan ɗan Ingila da ya yi mafi yawan rayuwarsa a keken guragu, ya haɗa wani ɓangare na kwantam da bayanin Einstein, ya gano cewa baƙin rami ba baƙi ƙirin ba ne. Yana fitar da wani ɗan tururi mai rauni daga kewayen iyakarsa, kuma ƙarfin tururin daga nauyin ramin ake cire shi. Wato a hankali yana ramewa, in an bar shi ba abinci wata rana zai ƙare ƙaf.

A hankalin nan fa ba na wasa ba ne. Rami mai nauyin rana zai ɗauki shekarun da in za ka rubuta su, sai ka sa 1 ka jera sifili 67 a bayansa. Shekarun sararin samaniya gaba ɗaya, a lissafin masana, biliyan 13.8 ne. Manyan ramukan sun fi haka daɗewa nesa ba kusa ba. A yanzu ma ba su fara ramewa ba, domin sararin da ke kewaye da su, duk sanyinsa, ya fi su ɗumi, don haka abin da suke sha ya fi abin da suke fitarwa. Kuma har yau babu na'urar da ta kama wannan tururin, lissafi ne da mafi yawan masana suka yarda da shi.

Amma ya jawo rigimar da ba a gama ba. A kimiyyar kwantam akwai doka cewa labarin abu ba ya gogewa gaba ɗaya. In ka ƙona littafin bashi, rubutun ya tafi a idonmu, amma a ƙa'ida tokar da hayaƙin da zafin suna ɗauke da sawun abin da aka rubuta, ko da babu mahalukin da zai iya tattara su ya karanta. To tururin Hawking, yadda ya fara lissafa shi, ba ya ɗauke da sawun komai. Nauyi ya dawo, amma labarin abin da ya faɗa fa? In ramin ya ƙare labarin bai fito ba, dokar ta karye. A 1976 Hawking ya ce eh, ta karye, labarin ya ɓace. Wasu suka ce sam.

A 1997 har sharaɗi aka ƙulla a rubuce, Hawking da Kip Thorne a gefe ɗaya, John Preskill a ɗaya gefen yana cewa labarin yana fitowa. A watan Yuli na 2004, a wani taro a Dublin, Hawking ya tashi ya ce ya sauya ra'ayi, Preskill ne da gaskiya, ya kuma biya shi da kundin bayanai na wasan besbol kamar yadda aka yi alkawari. Yawancin masana yanzu suna ganin labarin yana fitowa a cakuɗe cikin tururin, sai dai ba a daidaita a kan ta yadda yake ƙetaro iyakar da ko haske ba ya ƙetarowa ba. Hawking ya rasu ranar 14 ga Maris, 2018, yana kan aiki a kan wannan tambaya. Shi kuwa Thorne, a wancan taron na Dublin bai yarda an kayar da shi ba.